Kiriya Stamatia da Mutumin da Kamfanin Waya Ya Kashe

Kafin motar farko ta gangaro daga ƙauyukan kan dutse, Kiriya Stamatia Dimu, wato Uwargida Stamatia, ta riga ta ɗaga ƙofar shagonta, ta share dandamali, ta ɗora gahawa a ɗan murhun da ke bayan kanta. Shagon waya ne ɗan tsukuku, tsakanin mai burodi da kantin magani, da tambarin kamfani a samansa wanda rana ta cinye launinsa tun tuni. Aikin da aka ɗauke ta ta yi shi ne sayar da waya da layi, da karɓar ƙorafi ta miƙa gaba. Kujerun nan uku da ke jikin bango kuwa daga gidanta ta kwaso su. Masu duba shaguna sun sha ce mata ba sa cikin tsarin kamfani, ta sha ce musu to, kujeru kuma suna nan inda suke.

A kan kujerun ne tsofaffinmu ke zama, kowa da wayarsa naɗe cikin hankici kamar ƙwai. Wannan ta daina ƙara, wancan rubutun ya yi masa ƙanana, waccan ta goge hoton jikarta tana kuka. Stamatia za ta tura tabarau bisa hanci, ta karɓa, ta gyara, ta haɗa da faɗa kyauta. Sama da shekara ashirin ke nan tana wannan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba za a yi mata taro ba, ba kuma wanda zai taso daga Atina, babban birninmu na Girkawa, ya ba ta lambar yabo. Shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Duk wanda ya taɓa kiran layin ƙorafi na kamfanin waya ya san azabar. A ce ka danna ɗaya, ka danna biyu, a sa maka kiɗan da ko a gidan biki ba za a yarda da shi ba, can wata murya ta ce kiranka yana da muhimmanci, sannan layin ya katse. Mu dai a nan muke zagi mu haƙura. Ita kuwa sai ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta ɗauko saƙarta, ta jira. In an katse ta sake kira. In mutum ya ɗauka, kafin ta faɗi abin da ya kawo ta sai ta tambayi sunansa da ƙauyensu da ko ya karya kumallo. Ta ce ita ba ta iya magana da kamfani ba, da mutum kawai ta iya.

Mai burodi shaida ne, shekarar da dusar ƙanƙara ta karya ƙarfen sabis na kan tudu, ƙauyuka uku suka zauna ba waya, ita ce ta hana ofishin kamfani na birnin Yannina sakat har suka turo masu gyara, ita ce kuma ta nemo musu tarakta da ta hau da su. Makiyayan bakin iyaka ma shaida ne, waɗanda wayoyinsu ke kamo sabis ɗin Albaniya har kamfani ya ɗauka a ƙasar waje suke kwana. Ta bi maganarsu ɗaya bayan ɗaya har aka daidaita. Amma abin da ya faru bana shi ne ba za mu manta ba.

Wata safiya a ƙarshen Janairu, Barba-Lambis Mai Zuma, Barba kuwa shi ne yadda muke kiran dattijo, ya shigo yana kakkaɓe hularsa, ya ajiye waya a kan kanta.

"Kiriya Stamatia, wannan abar ta mutu. Kwana da kwanaki ko tari ba ta yi ba."

Ta duba caji, ta ciro sim ta goge ta mayar, sannan ta buga lambarsa a kwamfuta. Ta daɗe tana kallon allon.

"Barba, zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Wayarka lafiyarta lau. Kai ne ka mutu."

"Ni?"

"Haka kamfani ya ce. Tun makon jiya."

"To ai da sun sanar da ni, da ban sha wahalar hawa dutse duba amya cikin sanyin nan ba!"

Tsofaffin da ke kan kujeru suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ba a jima ba Stamatia ta gano bakin zaren. Lambis taƙaicen sunan Haralambos ne, kuma a ƙauyensu Haralambos Nutsos biyu ne, 'ya'yan wa da ƙani, kowa an sa masa sunan kakansu kamar yadda aka saba. Mu ba mu taɓa ruɗewa ba, don ɗaya Mai Zuma muke ce masa, ɗaya Mai Alfadari. Mai Alfadari ne ya rasu farkon watan. Matarsa Marigo ta aika wa kamfani takardar mutuwa don a rufe layinsa, da aka kira ta aka nemi lambar, sai ta buɗe wayarta ta karanto wadda ke ƙarƙashin sunan Lambis. Baiwar Allah ba ta taɓa ajiye lambar mijinta ba. Me za ta yi da ita, mutumin da in ta leƙa taga ta ƙwala kira yake amsawa daga garke? Suna ya yi daidai, ƙauye ya yi daidai, kamfani ya rufe layin mai rai.

Stamatia ta kira ta jira, har wani saurayi ya ɗauka. Ya saurara da ladabi, ya ce ya yi baƙin ciki da rashin da aka yi, amma layin mamaci magajinsa ne kaɗai ke da ikon magana a kai. Barba-Lambis ya fizge wayar.

"Ɗana, ni ne mamacin."

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba ni da izinin tattauna bayanan marigayi da kai."

"Marigayin ne ke maka magana! Ko so kake in zo maka a mafarki?"

Saurayin ya ce abin da zai iya yi shi ne a ba shi sabuwar lamba yau ɗin nan, kyauta. Da Stamatia ta maimaita masa, sai ta ga dariyar ta bar fuskar dattijon gaba ɗaya. Ya nemi kujera ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa.

"Sabuwa ba ta da amfani," ya ce a hankali. "Waccan ya sani."

Ba wanda ya tambaya wa yake nufi. Ɗansa ɗaya tilo, Sotiris, yana Jamus. Ya auri 'yar can, da suka haifi ɗa namiji sai suka sa masa Anton, sunan mahaifin matar. Ranar da labari ya iso, Barba-Lambis ya ce a waya, gaban mutane a shagon gahawa, wanda ya hana ubansa suna ba shi da uba. Sotiris ya canja lamba, ya canja gari, ya yanke hulɗa da kowa a ƙauyen. Abu ɗaya ya rage. Duk shekara ranar Waliyyi Haralambos, ranar da ake yi wa duk mai sunan barka, waya takan yi ƙara da ɓoyayyar lamba. Murya ta ce, "Shekaru masu yawa, Baba." Shi kuma ya ce, "Na gode." Sai a kashe. Yaron da aka yi rigimar a kansa har ya shiga makaranta, amma kiran bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa wuce haka ba. Ga ranar tana tafe cikin Fabrairu, saura ƙiris.

Stamatia ta gaya min a lokacin haushi ne ya kama ta, haushin kamfani da na taurin kan tsohon duka. Ta naɗe saƙarta ta jefa cikin aljihun tebur.

"Gobe ka sa kwat ɗinka na coci. Yannina za mu."

"Su ga me?"

"Su ga gawa tana tafiya da ƙafarta."

Da yamma ta hau ƙauyen wajen Marigo. Nan ne aka kai ruwa rana, don matar da mijinta ya rasu ba ta fita ko'ina kafin addu'ar arba'in, ballantana birni. Marigo na zaune cikin baƙaƙen kaya, idanu sun kumbura, ga takaba ga kunyar abin da ta jawo.

"Mutane za su ce me, Stamatia? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, a gan ni a mota?"

"Su ce abin da za su ce. Ba kasuwa za ki ba. Ke kika binne mutum biyu, ɗaya bisa kuskure, ke za ki tono shi."

"Kai, bakinki! Allah ya shirye ki."

"Amin. Motar safe, kada ki makara."

Washegari mutanen gari suka ga abin da ba su taɓa gani ba a ranar aiki, ƙofar shagon Stamatia a rufe. Ta san in masu duba shaguna suka ji, za ta sha magana, ko gezau ba ta yi ba. Ta zauna tsakiyar tsofaffin biyu a mota, da tiren pita, gasasshen abincin fulawa mai ganye da cuku, a cinya, hanya na murɗawa suna gardama kan wanne cikin Lambis biyun ya fi rowa.

Manajar ofishin Yannina matashiya ce mai suna Despina, gajiya duk ta bayyana a fuskarta. Ba muguwa ba ce. Ta dubi katin shaidar Barba-Lambis, ta dubi kwamfuta, ta ce ta yarda kuskure ne, amma da zarar an rubuta mutum ya rasu, babban ofishi na Atina kaɗai ke iya warwarewa, su kuma sai abin ya bi layi, makonni ake yi. Ta ce za ta tura, su je gida su jira.

Marigo ta matso, ta dafa teburin.

"'Yata, dube shi da kyau. Nawa da hannuna na rufe masa ido. Ya fi wannan tsawo, ya fi shi kyau."

"Tsawo dai, Marigo," in ji Barba-Lambis. "Tsawo kawai."

Despina ta danne dariya. Stamatia ta buɗe tiren pita ta tura gabanta, ta gyara zama kamar wadda ta zo yini.

"Ke 'yar ina ce?"

"Wani ƙauye ne can gefen Arta."

"Sunan kaka kika ci?"

"Ta wajen uba."

"To Despina nawa ne a gidanku?"

Matashiyar ta yi lissafi a ka. "Uku. Huɗu da ta Kanada." Sai ta kama baki. "Wallahi bara ma sakamakon asibitin ɗaya aka aiko wa ɗaya."

"Kin gani. Yanzu Barba zai gaya miki abin da ya sa ba ma iya jiran makonni." Ta juya gare shi. "Faɗa mata."

"Ba sai na..."

"Da bakinka. Ni na gaji da yi maka magana."

Mutumin da duk ƙauye ya san bai taɓa roƙon kowa ko gishiri ba, ya tsaya gaban yarinyar da ya yi jika da ita yana murza hula. Ya faɗi komai, har da maganar da ya yi a shagon gahawa, bai rage ba. Ya ce in Sotiris ya kira ranar ya ji an ce babu wannan lamba, zai ɗauka uban ne ya rufe masa ƙofa ta ƙarshe, kuma ba zai sake kira ba. Ya san halinsa, don halinsa ya ɗauko.

Despina ta ɗauki wayarta ta kanta, ta kira wata da suka yi horo tare wadda yanzu ke babban ofishi, ta kunna bidiyo ta haska dattijon riƙe da katinsa, ga Marigo a gefe tana rantsuwa da duk waliyyan da ta sani. Aka ce za a duba, ba a yi alkawari ba. Stamatia ta karɓi lambar Despina da sunan ta Atina, ta bar musu pitar.

Daga ranar, kowace safiya kafin ta share dandamali sai ta kira su biyun. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Takan gaishe su, ta tambayi iyayensu, ta ce musu marigayi yana gaisuwa. Aka ce sai wani ya sa hannu, ta nemo sunan wanin ta kira shi. Aka ce ya tafi hutu, ta nemo mai riƙe masa. Har jajiberin ranar, wayar Barba-Lambis shiru take. Da Stamatia ta rufe shago da yammacin nan, ta ce ta ji tsoro sosai, irin tsoron wanda ya sa tsoho ya tona cikinsa gaban baƙi a banza.

Ranar Waliyyi Haralambos mai suna a gida yake zama, ƙofa a buɗe, baƙi na shigowa ana ba su alewa. Barba-Lambis kuwa daga coci shagon Stamatia ya zarce, ya zauna kan kujerar tsakiya cikin kwat, waya a tafin hannu. Masu zuwa barka suka tarar da gida a kulle, suka ji inda yake, suka biyo shi gari da kwalayen alewarsu. Kafin hantsi shagon ya cika har waje, Marigo ma ta zo, ta ce tunda ta riga ta fita sau ɗaya magana ta ƙare. Stamatia na bayan kanta, waya a kunne, tana tare da Despina, Despina na tare da Atina.

Rana ta kusa tsaka sai Stamatia ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Barba, kashe ta ka kunna."

Mai kantin magani ya taya shi. Allon ya yi haske, aka zuba ido, sai ga sandunan sabis sun hau ɗaya bayan ɗaya. Shagon ya kaure da sowa, mai burodi ya rungume limamin coci, wani ya ce a buga ƙararrawa tunda matattu sun fara tashi. Nan take waya ta fara ƙara. 'Yar ƙanwarsa ce daga Patra, sai wani tsohon abokin aikin soja, sai mai sayen zumarsa. Kowa amsa ɗaya yake samu.

"Na gode, na gode, sauka, ina jiran kira!"

Sai da rana ta karkata, mutane sun fara duban juna, sannan wayar ta yi ƙara babu lamba a allon. Ya kai kunne.

"Ina ji."

Mu da ke kusa muna jin numfashi ta cikin wayar.

"Wa ke magana?" in ji muryar.

"Wa kake nema?"

"Baba? Baba, kai ne?"

Ashe Sotiris ya ga sanarwar rasuwa a shafin ƙauyen na intanet, Haralambos Nutsos, babu hoto. Ya kira lambar a ranar, aka ce masa babu ita. Kunya ta hana shi kiran kowa ya tambaya, ya je cocin Girkawa na can ya kunna kyandir, ya yi kukansa shi kaɗai. Yau ma ba don yana sa ran komai ya kira ba, hannunsa ne ya saba.

"Na Marigo ne ya tafi, sakarai," in ji tsohon, muryarsa na karyewa. "Ni ina nan. Ina zan je?"

Daga nan sai maganar ta ƙare masa. Shekara da shekaru bai wuce kalma biyu da ɗansa ba, bai san ta inda ake ci gaba ba. Ya ɗago ido ya dubi Stamatia kamar mai neman a karɓe shi. Ta harare shi ta saman tabarau, ta juya hannu alamar ya yi magana.

"Kada ka kashe, ka ji? Kada ka kashe." Ya share ido da bayan hannu. "Yaya Anton?"

Duk wanda ke shagon ya san wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga bakinsa. Stamatia ta zagayo daga bayan kanta ta kore mu waje kaf, har da limamin, ta jawo ƙofa. Muka tsaya a titi cikin sanyi muna cin alewa, ita ma tana tsaye tare da mu a ƙofar shagonta, tana ta goge tabarau da gefen rigarta.

Ke ce, Kiriya Stamatia, mai jira ba gajiya, wadda kiɗan kamfani bai taɓa kora ba. Ke ce kika ƙi yarda a ba tsoho sabuwar lamba a sallame shi, alhali da kin yi hakan ba mai ganin laifinki, don abin da aka ce ki yi ke nan. Kin rufe shago, kin fitar da mai takaba, kin sa mai girman kai ya faɗi gaskiya da bakinsa, duk a kan layi ɗaya cikin dubban da kamfani ke buɗewa ya rufe a yini. Mun gode. Mun gode da kujerun, da faɗan, da duk safiyar da kika ɓata a waya saboda matsalar da ba taki ba. Despina ma tana da kaso a godiyar nan, ita da ƙawarta ta Atina da ba mu taɓa gani ba.

Ku kuma da ke zaune bayan kanta ko bayan waya, a kamfani ko a ofishin hukuma, in wani ya zo muku da maganar da kwamfuta ta ce ba ta yiwuwa, ku yi yadda take yi. Ku tambaye shi me ya sa abin ya dame shi haka, ku saurari amsar har ƙarshe, sannan ku nemo mutumin da zai iya. Wanda zai gaje ta a shagon nan, muna roƙo ya bar kujerun a inda suke.

Barba-Lambis yanzu yana can yana shafa wa gidansa farar ƙasa, ya sa an gyara ɗakin sama da ya daɗe a kulle. Sotiris zai zo hutun Ista da matarsa da ɗansa. An gaya wa tsohon lokacin kin riga kin bar shago, sai ya je ya tambayi mai burodi kwatancen gidanki. Ki zauna da shiri, Kiriya Stamatia, don ya rantse ba zai hau da su ƙauye ba sai sun fara tsayawa a ƙofarki.